Ƙaimin Zakaran Idi

Ku aje wuƙaƙen nan, 'ya'yana, ku ba ni kunnenku.

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kusa kashe mutum a gabana ba. Lokacin ina figar kaji a kasuwar Petit Marché. Ƙa'idar aikin kun san ta: a yanka, a tsoma a ruwan zafi, a fige, kai da ƙafafu rabon mai figa ne.

Da hantsi Idi mai tura kura, mutumin Tawa, ya kawo jan zakara, matarsa na jego. Na gama gyarawa ke nan sai ga wani mai gadi daga unguwar Gawai, Sumaila, ya hangi jan gashi a ƙasa.

"Zakarana ne! Ɓarawo!"

Kafin Idi ya buɗe baki an haɗa masa jini da majina. Wani ya ɗauko dutse.

Sarkin kaji ya ratso, ya tsaya a kan Idi. Ya ce wa Sumaila, "Malam, kwatanta zakaranka."

"Tsoho ne, ƙaiminsa ya kai ɗan yatsana."

Ƙaimi shi ne ƙahon nan da ke fitowa a bayan ƙafa, sama da yatsu. Kaza ba ta da shi, zakara kuma sai ya manyanta yake tsawo. Kakana ya ce daga nan mahaya suka ari sunan ƙarfen da suke zungurar doki da shi. Allah masani.

Sarki ya ce, "Inna, zube kwanon rabonki."

Wallahi ban duba ƙafafun ba da na yanke su. In dogon ƙaimi ya fito, da hannuna na miƙa Idi. Na kife kwanon. Duk na kaji ne, sai biyu na zakaran. Sarki ya ɗaga su sama. Ƙaimin bai wuce ƙwayar wake ba.

Mai dutse ya saki dutsensa, ya ce, "Ni dama rabiyar faɗa na zo."

Sumaila ya sulale, ko haƙuri bai bayar ba. Na ji daga baya an kore shi daga gadin. Idi ya kai wa mai jego namanta, amma ya rasa haƙori biyu, bai sake tako kasuwar ba, ya koma kasuwar Wadata. Sarkin kaji ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ga ni, na tsufa a bakin tukunya, kuma ba na taɓa rabona sai mai kaza ya ɓace mini da gani.