Na Raka Inna Garin Kan Dutse

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai kai gwiwa ba, babu abin da ya rage mana a ƙauyenmu na gefen Bagwai sai zaman jira. Gonaki sun yi ja, rijiyar unguwa kullum sai an ƙara mata igiya, girki ya koma sau ɗaya a wuni. Lokacin shekarata uku a ɗakin miji, muna zaune tare da mahaifiyar maigidana, wadda nake kira Inna. Idonta ya riga ya tafi, haske da duhu kawai take rarrabewa.

Wata Laraba ƙanin maigida, wanda yake jan tsohuwar a-kori-kura, ya shigo gaishe ta. Ya ce gobe zai yi kudu, can gaba da Tudun Wada, wani gari a kan duwatsu inda damina ba ta yi rowa ba, ya ɗauko wa mutanen gari masara.

Inna ta ajiye carbi. "Garin masu haƙar kuza?"

"Shi, Inna."

"To da ni za ka."

Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ashe a can ta yi ƙuruciya, lokacin mahaifinta yana aikin kuza, kuma rabonta da garin tun kafin a yi mata aure. Maigida ya kawo zancen nisa, ya kawo tsufa, ya kawo halin da ake ciki. Ta ce, "Zaman me nake yi a nan? Gadin rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa?" Sannan ta juyo inda take jin motsina. "Ke, yarinyar nan, shirya. Ke ce idona."

Ni kuwa ban taɓa wuce birnin Kano ba. Muka wuni a hanya, ina kallon ƙasa tana sauya kaya, daga ja zuwa rawaya, daga rawaya zuwa wani kore da na manta akwai irinsa. Bayan la'asar mota ta fara hawa tana nishi, kunnuwana suka toshe, wani sanyi ya ratso ta taga. Inna ta ja numfashi mai tsawo.

"Mun kusa. Me kike gani?"

"Duwatsu, Inna. Wani a kan wani, kamar an jera tukwane."

"Akwai ɗaya mai kama da raƙumi ya durƙusa?"

Na duba, na duba. Sai ga shi a hannun hagu, har da tozonsa.

Muka sauka a gidan wani dillalin hatsi da ƙanin maigida ya sani. Matarsa ta ba mu ɗaki da bargo biyu, ta kawo dafaffen dankali da ƙuli, tana ta ba mu haƙuri wai ba yawa. Na kalli kwanon, na ga ya fi abincinmu na wuni guda a gida.

Garin shiru ne da shi. Aikin kuza ya daɗe da mutuwa, gidajen ma'aikata suna nan a jere ba kowa, kabewa ta hau rufinsu ta yi 'ya'ya. Da safe na fito alwala na tarar gajimare ya sauko har tsakar gida, fari, mai laima, yana shafar fuska. Shanun Fulani suna wucewa a bayan danga, ƙahoninsu kawai nake gani suna yawo a cikin farin, babu ƙafa babu makiyayi. Na tsaya da buta a hannu, ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Da hantsi Inna ta ce in kai ta rafi. Na ce ban san hanya ba. Ta ce, "Riƙe ni dai." A gaskiya ita ta kai ni. Tana tafe tana kasa kunne, ta ce mu bi gangara, ta ce mu bar masallaci a dama, har muka fara jin ruwa yana magana a tsakanin duwatsu.

"A nan muke wanki da yayata," in ji ta. "Ɗinyar bakin ruwan fa, tana nan?"

Babu ɗinya. Wani baƙin kututture ne kawai, gansakuka ta lulluɓe shi. Na ji ba zan iya faɗa mata ba.

"Tana nan, Inna."

Ta ɗaga fuska sama, rana ta sauka a goshinta. Sai ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. "Ƙarya kike yi, 'yar nan. Da tana nan ai da na ji inuwa." Ta matse hannuna. "Allah Ya yi miki albarka. Zaunar da ni."

Na zaunar da ita a kan wani faffaɗan dutse, na cire mata takalmi, ta tsoma ƙafafu a ruwa. Ta ba ni labarin yayarta mai tsoron kwaɗi, da mahaifiyarsu da take kiran su daga kan tudu, muryar tana bugun duwatsu tana dawowa sau biyu. A tsakiyar magana barci ya ɗauke ta, kanta a kafaɗata. Na zauna ban motsa ba. Ruwa yana ta wucewa, ba mai guga, ba mai jiran layi, ba wanda ya damu da inda za shi. Sai na ji hawaye suna zubo mini, na bar su.

Kwana biyu muka yi. Ran na uku aka loda masara, matar dillali ta ƙulla mana dankali a tsumma, ta bar wa Inna bargo ɗaya, muka kamo gangara. Can sai zafi ya fara shigowa ta taga. Inna ta zame bargon daga kafaɗarta ta miƙo mini.

"Mun sauko," ta ce. "Ninke shi da kyau, kar yaran gari su gan mu da bargo a wannan zafi su yi mana dariya."

Da muka isa, mata sun riga sun fito bakin hanya da ƙorai. Na sauko da ita a hankali, na kai ta ɗaki, na fito na ɗaura zani na shiga surfe.