Ranar da Malam Jatau Ya Warware Rawani

Wata rana, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba don ina da surukai a can, aka shaida wa Malam Jatau cewa babbar likita za ta duba shi ta kwamfuta.

Malam Jatau tsohon direban tirela ne. Ciwon daji ya kama shi a wuya, yana karɓar magani a ƙaramin asibitin garinsu. Likitar da ta san kan ciwon tana birni, tafiyar awa takwas, kuma ko ta kiran bidiyo sai bayan wata uku layi ke zagayowa kan mutum.

Shi dai abin da ya shiga kunnensa, za a nuna shi a allo.

Ya fito da shaddarsa ta Sallah, wadda sitacinta ya isa ta tsaya ita kaɗai ta bi jam'i. Ya naɗa rawani har haɓa. Ya fesa turare.

Matarsa, Inna Tabawa, ta ce, "Malam, kwamfutar tana da hanci ne?"

Ya ce ta miƙo masa sandarsa kawai.

A ƙarƙashin rawanin nan, kumburin ya kai ƙwan agwagwa. Kwana shida ke nan koko ma sai da dabara yake wucewa.

A asibiti, nas ta zaunar da shi, ta kunna kwamfutar, sai ga likita a allo.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Abinci fa?"

"Sai godiya."

Kun san mu. Ko mutum uku ne suka ɗauko mu a tabarma, "da sauƙi" za mu ce. Inna Tabawa ta sunkuyar da kai. Ba ta ƙaryata miji a gaban baƙo, ko da baƙon yana cikin kwamfuta.

Likita ta ɗauki biro. In ta rubuta a ci gaba da wannan magani, shi ke nan, sai bayan wata uku.

Ta dubi rawanin. Ta ajiye biron.

"Baba, gaisuwa ta ƙare, na kuma amsa. Yanzu tambaya nake yi. Hannuna ba zai kai wuyanka ba, yau bakinka ne hannuna."

Malam Jatau ya kai hannu kan rawaninsa. Can ya ce, "To 'yata, in tambaya ce, babu sauƙi."

Ya shiga warware rawani. Waɗanda suka gani sun rantse tsawonsa har ƙofar asibiti ya kai. Nas ta taɓa kumburin, ta auna da tef, ta faɗa wa likita. A ranar aka ɗebi jini, cikin makon aka canja magani.

Ba zan ce muku ya warke ba, har yanzu yana karɓar magani. Amma kumburi ya sauka, tuwo ya koma wucewa, har da ƙari.

Yanzu in ka ce masa "ya jiki?" sai ya riƙe hannunka ya ce, "Gaisuwa ce ko tambaya?"

Shawarata, ka ce gaisuwa ce. Limamin unguwarsu ya ce tambaya, sai da aka aiko kiransa La'asar.

Darasi: "Da sauƙi" ta masu zuwa dubiya ce. A gaban likita, balle wanda allo kaɗai ya haɗa ku, faɗi inda ke ciwo, ka buɗe ya gani.

Tura wa dattijon gidanku. Kun san wanda nake nufi.