Ranar da Na Tsayar da Kwaɓi

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu, ina aikin kwaɓa fulawa a wani gidan burodi a Daura. Burodinmu na zuwa har Sandamu da Dutsi, amma masu shayi sun gaji da mu: yau ya yi laushi, gobe ya yi tsami ko ya ƙone. Duk ran da aka dawo da kaya, maigida yakan yi wa mai gashi faɗa, mai gashi ya ɗora mini, ni kuma in ɗora wa fulawa.

Ana nan sai ƙanen maigida ya dawo daga Kano, masaƙar da yake yi wa aiki ta rufe, aka ba shi riƙon wurin. Ya yi kwanaki yana kallonmu kawai, sannan ya tara mu bayan sallar Juma'a, har da direba da mai shara. Ya ce a masaƙa an koya musu cewa ba a bakin ƙofa ake duba kyawun kaya ba, kowane hannu da rabonsa. Mai gashi, in ji shi, shi ne mai sayen kayana, kada in miƙa masa abin da ni ba zan karɓa ba. Kuma duk wanda ya ga abin da bai yi masa ba, ya tsayar da aiki. Muka ce to, amma ba wanda ya yarda.

Da damina ta yi nisa, wata safiya na buɗe buhu na ji warin danshi. Buhu na gaba ma haka. An riga an hura wuta, direba na jira. Na daɗe a tsaye kafin na kashe injin kwaɓin.

Ƙanen maigida ya zo ya shinshina fulawar, ya ce, "Madalla, malam. Mu je mu ga inda abin ya faro."

Bai tambayi mai laifi ba. Muka shiga sito gaba ɗaya, muka tarar bango na tsattsafo, buhuna jingine da shi. Aka janye su aka ɗora kan katako. Ranar ba mu fitar da burodi ba, shi da kansa ya bi direba yana ba masu shayi haƙuri. Maigida ya yi fushi sosai, amma bai hana ba.

Daga nan zaman da muke yi duk Juma'a ya canza. Direba ya fara kawo mana ƙorafin masu shayi, mai gashi ya roƙi a daidaita girman curi don gashi ya zo ɗaya. Wani gyaran ya ci, wani muka watsar. Kafin wata daminar, masu shayi daga garin Babban Mutum suka aiko a riƙa kai musu, dole aka ƙara tanda, ni kuma aka ba ni aikin koyar da sababbin masu kwaɓi.