Shekarun da Aka Ƙara wa Taubashiyata

Ni da taubashiyata damina ɗaya aka haife mu, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Dantchiao. Uwata da ubanta ciki ɗaya suka fito. Ta girme ni da kwana tara, kuma ba ta taɓa barin in manta ba.

Bara, bayan an gama yankan gero, masu bincike suka sauka a likitar garinmu, wato asibiti. Babbarsu wata lokotoro ce, mai duban marasa lafiya, ɗiyata kuma, da take aikin jinya a wurin, ita ke yi musu tafinta. Ɗiyar tawa ta bayyana mani cewa tsufa suke bi. Ba ido kaɗai ko gwiwa kaɗai suke dubawa ba. Jini, da tansiyo, wato hawan jini, da barci, da abin da mutum ke ci, da abin da ke cikin hanjinsa, duk sai su zuba a na'urar ordinata su ga yadda wannan ke jan wancan. Daga nan sai na'urar ta faɗi shekarun jiki, a gwada su da shekarun takarda.

Muka je mu biyu. Aka ɗora mu a kilo, aka ɗebi jini, aka ba mu wani ƙarfe mu matse da hannu. Bayan wata biyu sakamako ya dawo. Nawa, jiki da takarda sun yi daidai. Nata kuwa, sai ga lokotoro da kanta ta taso har gidanta. Wai takarda ta ce saba'in da biyu, jiki ya ce hamsin da bakwai.

Tun daga ranar, mota ba ta wuce ƙofarta. Ana tambayarta furar gero take sha ko ta dawa, sau nawa take cin zogale, har rijiyar da take ɗiba aka auna. Ni ma rijiyar nake sha. Duk wannan da na iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mani a wuya ɗiyata ce. Sai ta shigo ta ce, "Inna, kin ga Gwaggo kuwa? Da kin riƙa tafiya gona da ƙafa kamarta." Wata rana ma na gan ta zaune a tabarmar taubashiyar tawa tana rubuta yadda ake dama fura. Furar da ni na shayar da ita tun tana rarrafe.

Ni kuwa na san inda shekarun suka fito. Lokacin da ma'aikata suka zo yi mana takardun haihuwa, muna da 'ya'ya bibbiyu, babu wadda ta san shekararta. Mai rubutu duban fuska yake ya yanke. Ita ta tashi daga doguwar jinya, ta rame, haƙoranta biyu na gaba sun zube, sai ya ɗora mata shekara sha biyu a kan nata. Mun yi ta dariya a ranar. Ba ta iya karatu ba, ba ta ƙara waiwayar takardar ba.

Ranar kasuwa muka haɗu a bakin rijiya.

"Tsohuwa, kawo gugan in ja maki," in ji ta. "Na'ura ta ce ni yarinya ce."

"Yarinya mai gibi," na ce.

"Gibin ma sun ɗauke shi hoto. Naki wa ya ɗauka?"

Mata suka fashe da dariya. Na yi tare da su, amma tulun nan ya yi mani nauyi har gida.

Mako uku ina juya maganar. Idan na faɗa, na tsige mata rigar da ta sa a gaban gari. Idan na yi shiru, ɗiyata za ta ci gaba da rubuta abin da ba haka ba, ana kai shi nesa. Na so in ce don gaskiya na faɗa. A ajin yaƙi da jahilci an koya mana mu rubuta abu yadda yake, to ga shi: kishi ne ya buɗe mani baki. Wata rana da hantsi ɗiyata na tsince mani wake ta sake cewa "Gwaggo", sai na ce, "Gwaggon taki da kwana tara ta girme ni."

Ta ajiye faifai. Ta tashi ta nufi likita.

Washegari lokotoro ta zo gidana, karo na farko. Ba ta yi faɗa ba, tambaya ta yi: yaya na sani? Na ce uwayenmu tare suka yi wankan jego, tukunya ɗaya. Ta ce ko na san na sauran matan? Na ɗauko kaye da bik, littafina da abin rubutu, na jera mata: wadda ta goyi wance, wadda aka yaye kafin wance, waɗanda aka yi wa kitson fari tare. Takardu da yawa suka gyara.

Taubashiyata ta yi kwana goma ba ta leƙo ni ba. Da ta zo, a tsaye ta yi magana.

"Kin kore mani mota, mai baƙin ciki."

"Na kore."

"To ɗiyarki ta faɗa mani. Ko an cire sha biyun, jikina ya fi naki ƙuruciya da shekara uku. Wannan wa za ki kai wa ƙara?"

Na shimfiɗa mata tabarma, na dama fura. Ta sha, ta ce ta yi tsami. Da za ta tafi ta miƙe tsaye ba ta dafa ƙasa ba. Ni sai da na kama bango kafin in raka ta.