Shekara Talatin da Huɗu Tana Kiran Sunana

Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba, da misalin ƙarfe bakwai na safe, mahaifiyata Ok Bun-rye ta rasu a gidanmu na gado da ke bayan garin Andong, tana da shekara tamanin da shida. Ta dawo daga addu'ar asuba a majami'a, wato coci, ta zauna a bakin baranda za ta cire takalmi. Ɗaya kawai ta cire. Matata ce ta same ta jingine da ginshiƙi, har ta ɗauka gyangyaɗi take yi.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, Inna, ban iya zama wuri ɗaya. In shiga gonar tuffa in fito ban tsinki komai ba, in ɗauki waya in ajiye, in tafi bakin gada in dawo ban san abin da ya kai ni ba. Ƙanwata Mi-ran ta ce in rubuta ta'aziyya a karanta wa mutanen majami'arku, tunda ni ne babba. Na tambaye ta me mutumin da bai taɓa taka ƙofar wurin ba zai faɗa musu. Ta ce, “Yaya, gaskiya za ka faɗa.” To, ga ta nan.

Gidanmu shi ne babban gida a zuri'ar Yeom, ni kuma ɗan fari ne na ɗan fari. Hidimar kakanni a wuyana take. Sau goma sha ɗaya a shekara nake shimfiɗa tebur gaban allunan sunayensu, in zuba giyar shinkafa, in kai goshina ƙasa sau biyu, dangi suna bayana. Mutum irina ba ya shiga majami'a. In ya shiga, dangi za su ce ya kashe kakanninsa da yunwa. Ke kin fi kowa sanin haka, don kina da shekara ashirin da uku aka kawo ki gidan nan, kuma tun daga ranar hannunki ne ke dafa abincin teburin.

Kin fara zuwa majami'a ne shekarar da Baba ya kwanta ciwo. Kwana ɗari kika yi kina tashi ƙarfe huɗu, ki ƙetare gada a ƙafa, ki roƙa masa lafiya. Baba ya rasu. Ni na ɗauka magana ta ƙare ke nan, kin gwada kin gani. Bayan kwana uku da binne shi sai na ji ƙarar ƙofa da asuba. Na fito na ce, “Inna, wanda kike roƙa wa ai ya tafi.” Kika ce, “Na sani. Yanzu kai nake roƙa wa.” Kika ɗaura ɗankwalinki kika fita cikin sanyi.

Shekara talatin da huɗu aka yi haka. Da a ce a ɓoye kike yi, da sauƙi. Amma ku a majami'arku kowa da ƙarfi yake addu'a lokaci guda, muryarki kuwa ko a gona ana jin ta daga wancan tudu. Babu wanda bai san sunana ba a wannan kwarin. Na taɓa zuwa sayen taki, mai shagon ya duba takardata ya ce, “Au, kai ne Dong-sik ɗin? Matata ta ce har yanzu ana fama da kai.” Ranar na dawo gida raina a ɓace, na ɗaga miki murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce kin mayar da ni abin dariya, ki cire sunana daga bakinki. Kina tsinkar wake a faranti, ko kai ba ki ɗaga ba. Kika ce, “Ba da kai nake magana ba. In Shi ya ce in daina, zan daina.”

Duk da haka ba ki taɓa barin teburin kakanni ba abinci ba, kuma wannan ne ya hana ni samun abin da zan riƙe a kanki. Ba kya durƙusawa, ba kya cin abin da aka sauke daga teburin, amma ke ce ke soya waina, ki gasa kifi mai gishiri, ki dafa ganye ba tafarnuwa ba barkono yadda al'ada ta ce. Wasu 'yan majami'arku sun yi ta gunaguni a kan haka. Kika ce musu ɗanki kike dafa wa, don kada ya ji kunya gaban danginsa. Baffa Tae-gyu, ƙanin Baba, shekara da shekaru ba ya kiran sunanki, sai dai “mai Yesu”. Da matarsa ta rasu ya daina cin abinci, ke ce kika yi wata biyu kina kai masa miya kullum a tukunya naɗe da tawul. Har yau bai gode miki ba, amma bai taɓa mayar da tukunyar da saura ba. Masu zuwa mana tsinkar tuffa daga Biyetnam kuwa, sai kin sa kowa ya maimaita sunansa har kin riƙe. Su sun ɗauka kirki ne kawai. Ni na san inda kike kai sunayen.

Abu ɗaya kika roƙe ni da bakinki. Kika ce ran da kika mutu kada in kai miki goshi ƙasa, kada in shimfiɗa miki tebur, don ba za ki zo cin abinci ba, kina da wurin zuwa. A zauren makoki na tsaya gaban hotonki, baƙi suna shigowa, wasu su durƙusa, 'yan majami'a su ajiye farin fure. Ni ina tsaye ƙiƙam. Baffa ya matso da sandarsa.

“Kai, Dong-sik, gwiwarka ce ta ƙage ko kunya ce ta ƙare? Uwarka ce fa. Shekara sittin tana ciyar da matattunmu, ita sai a bar ta haka?”

Na ce, “Baffa, ita ce ta hana.”

“Ta hana! Da tana da rai ka ji maganarta ne? Sai yanzu?”

Ban durƙusa ba, ban kuma yi addu'a ba. Kwana uku na tsaya a tsakiya, ban ba ki girma irin nawa ba, ban ba ki irin naki ba. Wannan yana cina har yanzu.

Akwai abin da ya fi shi muni, kuma tunda gaskiya aka ce in faɗa, zan faɗa. Da muka sauko daga tudun da muka kwantar da ke kusa da Baba, a ƙarƙashin baƙin cikina na ji wani ɗan sauƙi. Na ce a raina shi ke nan, an daina kiran sunana, ba ni da sauran wanda zan ba kunya kowace safiya. Na tsani kaina a kan wannan tunani, amma na yi shi.

Jiya Juma'a da hantsi ina ɗaure kwalayen tuffa, sai ga mata shida sun shigo tsakar gida, tsohuwa Pyo ƙawarki tana gaba da sandarta. Na ce su shigo a kawo shayi.

Ta ce, “Bar shayin nan, baban Su-jin. Gaisuwa mun riga mun yi. Sanarwa ce ta kawo mu. Tun bara da ƙafarta ta fara ciwo, innarka ta zaunar da mu ta raba ka.”

“Ta raba ni? Ni kankana ne?”

“Ina! Kankana ai wata uku take ta nuna. Saurara. Addu'arka ce aka raba mana, ni ce Litinin. Wannan Talata, waccan Laraba.” Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da sanda, har ta kai kan wata budurwa da ke ɓuya a bayansu, malamar firamare ce, ba ta wuce sa'ar 'yata Su-jin ba. “Ita kuma Asabar. Saboda ƙuruciyarta aka sa ta. Innarka ta ce in ban da babanka, mazan gidanku ba sa mutuwa da wuri, kakanka ya kai casa'in da huɗu, kada mu tsofaffi mu ƙare mu bar ka haka nan. Duk wadda ta ji jikinta ya fara sanyi, sai ta miƙa ranarta ga wata. Ko ɗaya a cikinmu ba ta tsallake ranarta ba tun da ta rasu.”

Na ƙirga su da ido. Na ce, “Ku shida ne. Lahadi fa?”

“Lahadi ta ce kada kowa ya taɓa. Ta ce taka ce.”

Sun tafi sun bar ni da igiya a hannu. Na yi fushi, Inna, ba zan ɓoye ba, na ce ko mutuwa ba ta sa kin ƙyale ni ba. Daga baya na shiga rumbun tuffa na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba a zauren makoki. Ashe Lahadin da ta wuce babu wanda ya kira sunana, karo na farko tun ina ɗan shekara ashirin da bakwai, ni kuwa ina gona ban sani ba.

Gobe Lahadi. Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san ko zan ƙetare gadar ba. Ƙarshen watan nan akwai hidimar kakan Baba, kuma zan shimfiɗa masa tebur, don babu mai yi in ba ni ba. Yadda mutum ɗaya zai ɗauki waɗannan biyun, ban gano ba tukuna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mi-ran da mijinta, ga matata da ta kula da ke kamar ita kika haifa, ga jikokinki biyar, ga Baffa Tae-gyu wanda na ga yana share ido a bayan mota, ga fasto da dukan ikilisiya, musamman matan nan shida da aka ɗora wa aikin da ba su san ranar gamawarsa ba. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Saura addu'a, ni kuwa ban iya ba, sai dai in yi yadda ta zo mini. Ya Ubangijin Inna, ka ji ƙanta, ka gafarta mata kurakuranta, ka ba ƙafafunta hutu. In ta ci gaba da damunka da maganata a can, ka yi haƙuri da ita, haka take. Ka dai taimaka kada ka ce mata a'a tukuna. Amin.