Gidan da Inna Ta Riga Mu

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Idrisa, ban taɓa ce masa na yafe ba.

A ƙafa muka taso zuwa ƙasar nan, ni da shi da Inna. Ina da shekara shida. A wani ƙauyen Sudan zazzaɓi ya kwantar da ita, aka kai ni gidan maƙwabta. Bayan kwana uku Yaya ya zo ya ɗauke ni, yana dariya.

"Asabe, ɗaura zanenki. Inna ta riga mu gidan gaskiya. Kin san ta da sauri."

Na ɗauka gida ne a Madina. Duk hanya yana gina mini shi: ƙofa koriya, rijiya a tsakiya, Inna na dama fura tana faɗan mun makara. In na zauna na ce ba zan ƙara taku ba, sai ya ce furar za ta yi tsami. Sai in tashi.

Da muka iso na yi ta tare mutane ina tambayar gidan gaskiya. Wata tsohuwa Bakanuwa ta kama hannuna ta gaya mini. Tun ranar, tsakanina da Yaya sai gaisuwa. Ya yi dako a filin jirgi har bayansa ya ranƙwafa, ya aurar da ni, ban sassauto ba.

Makon jiya bayan la'asar, a gidanmu na unguwar Ƙiblatain, mijin 'yata ya sa kaset a bidiyo. Wasu yaran Yahudawa ne da kawunsu lokacin yaƙin Turawa, an ɓoye su a ƙarƙashin wani gida, sojoji na bi ƙofa ƙofa. Kawun yaran yana ta ba su dariya. Da suka juya baya, sai na ga fuskarsa, dariyar ta ɓace.

Ban taɓa ganin ta Yaya a hanya ba. Kullum shi ne a gaba, ni a baya.

'Yata ta ce, "Umma, esh fi, me ya faru? A kashe?"

Na ce a bari.

Da Yaya yana nan, da ya ce kawun nan bai iya ƙarya ba, ko rijiya bai sa ba.

Jiya na je bakin katangar maƙabartar Baƙi'a, inda mata ke tsayawa. Kaburburan ba suna, ban san nasa ba. Sai na faɗa wa filin gaba ɗaya: Yaya, na yafe. Ka ce wa Inna ta rufe furar, ina tafe.