Ɗakin Yaya a Rumbun Baba

Babanmu ya yi shekara talatin da ɗaya yana zana wa mutane gidaje, amma mu a gidan haya muka tashi. Ana ce masa Injiniya, ba ya musawa, ko da yake takardarsa ta mai zane ce kawai. Mutum ne da in ya je gaisuwa gidan wani, kafin ya zauna sai ya gaya wa mai gidan cewa ƙofarsa a karkace take.

Da ya yi ritaya sai ya koma zana namu gidan, wanda fili kawai gare shi da bulo ɗari biyu da ciyawa ta rufe. Yana aikin ne a wata tsohuwar kwamfuta mai ƙara kamar injin niƙa. Ranar da na leƙa cikinta sai da kaina ya sara. Ga "gida", ga "gida sabo", ga "na ƙarshe", ga "na ƙarshe na gaskiya", ga "kada a taɓa wannan", fayil sittin da ɗoriya, shi kansa bai san wanne ne wanne ba.

Ni aikina rubuta manhaja, don haka na ware masa folda guda na kafa mata git, wato wani rumbu da ke zaune cikin kwamfutar, ba ruwansa da intanet. Fayil ɗaya tak. In ya yi gyara, ya danna maɓallin da na sa masa, ya rubuta layi ɗaya na abin da ya canja. Ban ja bayanin ba, domin Baba ba a koya masa abu, sai dai a tuna masa.

A lokacin shekara uku ke nan ba sa magana da Yaya, babban wanmu. Laifin Yaya shi ne ya ce a gaban baƙi gidan Baba ko akuya za ta iya cinye shi, tunda na takarda ne. Baba ya shafe ɗakinsa daga zanen, ya mai da wurin garejin motar da ba mu da ita. Mama ta yi kuka, ta yi nasiha, ta gaji. Yaya kuma ya ƙi zuwa ba da haƙuri, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni dai abin yana ci mini rai, don Baba tsufa yake yi, ba yarinta ba.

Bayan wata takwas ya kira ni in taya shi buga zanen, wai zai nuna wa magini. Na buɗe tarihin rumbun, sai na tarar Baba ya mai da layin nan wurin huce haushi. "Na ƙara faɗin kicin, uwarsu ta dame ni." "Na rage, ta manta da maganar." Ina ta dariya har na iso kan wani: "Na mayar da ɗakin marar kunyar nan." Washegari: "Na cire." Bayan mako guda: "Na mayar, da taga biyu, yana da asma." Sannan: "Na cire." Na ƙirga har sau goma sha huɗu, na daina dariya.

Ashe shi ya ɗauka kowane sabon layi yana shafe na baya, yadda ya saba goge fensir a takarda. Da ya ga jerin a allo ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce wannan ba rumbu ba ne, munafuki na dasa masa a gida, in goge shi yanzun nan. Gogewar ba za ta ɗauki minti ɗaya ba. Na dube shi ido da ido na ce ba ya goguwa. Allah ya yafe mini. Da ya tashi alwala kuma na ɗauki hoton allon na tura wa Yaya, ban ƙara ko harafi ba.

Ranar Asabar da hantsi, Baba yana gaban kwamfutar, sai ga Yaya. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, Baba ya amsa wa bango.

"Baba," in ji Yaya, "tagogin nan biyu, ta wane ɓangare suke?"

"Gareji ba ya da taga," in ji Baba. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ja kujerarsa gefe. "Matso ka gani. Kai me ka sani a zane?"

Yaya ya matsa, ya duba, ga ɗakinsa nan a zanen da tagoginsa biyu, ya ce rana za ta dafa mai ɗakin. Baba ya ce tun kafin a haife shi yake auna rana. Gardama ta kaure, murya sama, kowa yana dungurin allo da yatsa. Mama ta iso bakin ƙofa da tiren shayi, ta tsaya nan hawaye na zuba, ta ƙi shiga don kada ta katse su.